Rumbun da Ya Tafi Ba Sallama

Shekara 11 ke nan ina sana'ar ɗaukar hoton biki a Kano, kuma a tsawon wannan lokaci sau biyu rumbun ajiya na kwamfuta ya mutu mini da aikin mutane a cikinsa. Na farko had-dis ne, mai faifai yana juyawa a ciki. Na biyu SSD ne, irin rumbun da babu faifai a cikinsa, wanda na tara kuɗi na saya takanas domin kada abin da ya same ni da farko ya sake samuna. Shi ya sa idan yaran da ke koyon aiki a wurina suka tambaye ni wanne ya fi ƙarko, ba na iya ba su amsa a tsaye. Sai mun zauna.

Na farkon a 2017 ne. Had-dis ne na waje mai tera ɗaya, wato giga dubu, kullum yana cikin jakar kyamara. Ya shiga adaidaita sahu, ya sha ramukan titi, ya sha ƙurar hunturu tare da ni. Da jinkirin aiki abin ya fara. Ina cikin kwafar hotuna sai layin ya tafi, ya tafi, ya tsaya cak a tsakiya, sai can ya ci gaba. Bayan 'yan kwanaki ƙara ta biyo baya, wata 'yar ƙis, ƙis, ƙis kamar ta agogon bango, wadda ba ka jin ta sai dare ya yi tsit. Wajen mako uku yana haka ina aiki da shi. Ranar da maigidana, wanda ya koya mini sana'ar, ya leƙo shago na faɗa masa, sai ya ɗauke shi ya kara a kunne, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kai yaro, wannan ai tari yake yi. Kwashe kayanka yau, kada ka bari sai gobe." Dare biyu na yi ina kwashewa, folda bayan folda. Wasu hotunan sun fito rabi hoto rabi toka, amma kusan duka na tsira da su. A rana ta uku na jona shi, ya yi ƙis sau biyu, bai sake motsi ba.

Tunda dai ya riga ya mutu, na sa mai gyara ya buɗe mini shi in ga cikinsa. Faifai ne mai sheƙi kamar madubi, da wani siririn hannu mai ɗan kai a ƙarshensa, kamar allurar garmaho. Sai dai wannan kan ba ya taɓa faifan. Iskar da juyawar faifan ke tayarwa ce ke ɗauke da shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, silin gashi ɗaya ya fi ta kauri sau dubbai. Faifan yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, wato sau 90 a kowace daƙiƙa, na manyan kwamfutocin tebur kuma sukan kai 7,200. Ka dangwarar da abu irin wannan a kan tebur yana tsaka da aiki, kan zai daki faifan ya kankare shi. Mai gyaran ya karkata nawa wajen haske, ya nuna mini wani siririn zobe da ya zagaye fuskar faifan. Ya ce nan ne kan ya yi ta gogawa tsawon makonnin nan uku. Tun 1956 da kamfanin IBM ya fitar da na farko, mai faifai 50 da nauyin kusan tan ɗaya, wanda abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba, ko hoto ɗaya na kyamarata ba zai shiga ba, tsarin bai canza ba: faifai na juyawa, kai na shawagi a samansa.

Da na ga haka sai na yanke wa kaina hukunci cewa motsi shi ne ciwon. Duk abin da ke juyawa zai gaji wata rana. A 2019 na sa SSD a kwamfutar shago, kuma gaskiya ranar na ji daɗi. Kwamfutar da nake kunnawa in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba, sai ga ta tana tashi kafin in gyara zama. Babu ƙara, babu kaɗawa, babu abin da ke motsi a ciki. Na ɗauka na rabu da fargaba ke nan.

A watan Maris na 2021 ne, makonnin da bukukuwa ke cunkushewa kafin azumi. Ranar Juma'a na ɗauki kamu, na dawo da dare na juye hotunan a kwamfuta, na goge katin saboda ina bukatarsa ranar Asabar wajen ɗaurin aure da dina. Asabar da dare ina zaune ina tace hotunan kamun, janareto ya shanye mai, kwamfuta ta mutu ɗif. Batirin UPS ɗina, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ya daɗe da lalacewa, ina ta cewa sai an biya ni kuɗin wannan aikin in canza. Wannan ba shi ne karo na farko da wuta ta yanke mini ina aiki ba, don haka na rufe shago na tafi gida hankalina kwance. Da safe na kunna, allo ya yi baƙi, da ɗan rubutu a sama cewa ba ta ga rumbun da za ta tashi da shi ba.

Mai gyaran ya gwada shi a kwamfuta uku. Ya canza waya, ya canza akwatin jonawa. Na ga ya ɗaga shi zai kai kunne, saboda sabo, sai ya fasa ya ajiye. Ya ce, "Oga, ko sunansa ba ya nunawa. Da had-dis ne da mun san inda za mu fara." Katin kyamara kuwa hotunan Asabar sun riga sun hau kan na Juma'a, 'yan kaɗan muka iya tonowa.

Ranar Litinin bayan la'asar na je gidan amarya. Na zauna a ƙasa a bakin kafet, muka gaisa da mahaifiyarta, na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, da magana marar daɗi na zo." Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta ce, "Duka?" Na ce na kamu ne, na ɗaurin aure da na dina suna nan. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, ba ka da wani a ajiye a wani wurin?" Ban iya ɗago kai ba. Ta ce kakar amarya ba ta fita ko'ina saboda ƙafa, don wannan jikar aka ɗauko ta daga Haɗeja ranar Juma'a, aka mayar da ita Asabar da sassafe. Ni kuwa na tuna hoton sarai, tsohuwar ta riƙe fuskar yarinyar da hannu biyu tana yi mata addu'a, hasken fitila ya faɗo a kan lallen hannunta. Shi ne hoton da ya fi kowanne kyau a bikin. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye gaba. Tashi ka je." Da hotunan wayar ƙawayen amarya muka cike wannan ɓangaren na albam.

Tambayar nan tata ce ta sa na shiga karatu a kan abin da nake ɗora amanar mutane a kansa kullum.

Abu na farko da na gane shi ne SSD ma yana da nasa raunin, kawai dai ba a jin sa da kunne. Tushensa wata fasaha ce da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, irin wadda ke cikin filashi da memorin waya. Yadda na fi saurin fahimtar ta shi ne in ɗauka randuna ne ƙanana, biliyoyi, an jera su. Abin da ake zubawa a ciki cajin lantarki ne, kuma yawan abin da ke cikin randa shi ne rubutun. A na farko-farko, randa ko dai cike take ko babu komai, karatu ba wuya. Da aka so a cusa bayanai da yawa a farashi mai sauƙi, sai aka fara auna tsayin ruwan: irin da ake kira TLC mataki 8 ake bambancewa a randa ɗaya, QLC kuma mataki 16. Idan matakan sun yi kusa da juna haka, ɗan tsatstsafo kaɗan ya isa ya sa a karanta wani mataki a madadin wani. Kuma duk lokacin da aka zubar da abin ciki aka sake cikawa, jikin randar yana ƙara sirancewa. Na farkon nan kan jure gogewa da sake rubutu wajen sau 100,000, TLC 'yan dubbai kaɗan, QLC ƙasa da haka.

Wannan ne ya haifar da maganar da ake yawan yi a kasuwa, cewa SSD yana da adadin rubutu, idan ya cika shi ke nan. Maganar gaskiya ce, amma tsoron da ake ji ya wuce kima. Kamfanoni suna rubuta adadin a cikin bayanan rumbun, da haruffa TBW. Samsung 870 EVO mai giga 500, misali, tera 300 aka yi masa alkawari, da garantin shekara 5. Na zauna na yi lissafi da irin aikina. Ko da kullum zan rubuta giga 50, har da ranakun da babu biki, sai na yi kwana 6,000 kafin in cinye tera 300, wato sama da shekara 16. Ɗalibin da ke rubuta furojet da kallon bidiyo ko kusa da haka ba zai je ba. Kuma akwai wani shafin fasaha mai suna The Tech Report da ya ɗauki SSD guda 6 a 2013, ya yi ta rubutu a kansu dare da rana don ya ga inda za su faɗi. Gwajin bai ƙare ba sai a 2015. Na farkon da ya mutu sai da ya haura tera 700, na ƙarshe, Samsung 840 Pro, ya wuce tera 2,400. Nawa da ya mutu bai cika shekara 2 ba. Randunansa ba su ko fara gajiya ba.

Abin da ya tafi da hotunan kamun shi ne akawun. A cikin kowane SSD akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa da nake kira akawu, wadda aikinta shi ne rarraba rubutu a kan randunan, domin kada wasu su ƙare wasu na zaune. Saboda haka hoto ɗaya yakan warwatsu a wurare da yawa, kuma akawun nan yana yawan matsar da kaya daga nan zuwa can ko da kai ba ka taɓa komai ba. Shi kaɗai ke riƙe da littafin da ya nuna inda kowane abu yake. Idan wuta ta yanke yana tsakiyar gyara littafin, ko shi kansa ya ƙone, kayan na nan a cikin randuna amma babu mai iya cewa wanne ne na wa. Wasu ma a kulle suke rubuta komai, makullin yana hannun akawun. Shi ya sa mai gyara ya ce da had-dis ne da an san inda za a fara: shi faifai, ko kan ya lalace, ƙwararru kan buɗe shi a ɗaki marar ƙura su sa wani kan su karanta. Haka nan idan ka goge abu bisa kuskure, a had-dis yakan zauna a wurin har sai an rubuta wani a kansa, amma a SSD kwamfuta tana sanar da akawun nan take, shi kuma ya share wurin don ya shirya wa sabon rubutu.

Batun yankewar wuta ba zato ba ne. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohio da ɗakin binciken kamfanin HP a Amurka suka ɗauki SSD guda 15 suna katse musu wuta da gangan suna tsaka da aiki. Guda 13 sun nuna matsala. Ɗaya ya zubar da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikinsa, ɗaya kuma ya daina nunawa gaba ɗaya, kamar dai nawa. Na yanzu sun fi na wancan lokacin juriya, kuma masu tsada da ake sa wa manyan cibiyoyin ajiya suna da ɗan ma'ajin caji a ciki wanda ke ba akawun damar rufe littafinsa kafin ya mutu. Irin da muke saya a kasuwa galibi ba su da cikakken wannan tanadi. Ga wanda ke zaune inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ana sauyawa daga layi zuwa janareto zuwa inbata, wannan ya fi adadin TBW muhimmanci nesa ba kusa ba. Mai laftof yana da sauƙi, batirinsa ne kariyarsa, in dai batirin na da rai. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ake sayarwa, kana zare caja suke mutuwa.

Wani lokacin ma wuta ba ta da laifi, kuskure ne a cikin manhajar akawun. A ƙarshen 2019 kamfanin HPE ya fitar da gargaɗi cewa wasu SSD ɗinsa na manyan kwamfutoci za su mutu daidai lokacin da suka cika awa 32,768 a kunne, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, idan ba a sabunta musu manhaja ba, kuma abin da ke ciki ba zai dawo ba. Waɗanda aka kunna rana ɗaya, kusan tare za su tafi. Ka yi tunanin wanda ya sayi biyu iri ɗaya, ya sa ɗaya ya zama madadin ɗaya.

To duk da wannan, idan aka ƙirga gawa, wa ya fi mutuwa? A nan dole in yi wa SSD adalci. Akwai kamfanin ajiya a Amurka mai suna Backblaze, wanda tun 2013 yake wallafa lissafin rumbunansa, kuma yanzu had-dis ɗin da yake lura da su sun haura 250,000. A shekarun nan abin da ke mutuwa a cikinsu yana tsakanin 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara. A 2022 suka kwatanta SSD da had-dis da suka yi aiki iri ɗaya, na tayar da kwamfuta. A shekarun farko tazarar ba ta da yawa. Zuwa shekara ta biyar, na SSD bai kai 1 cikin 100 ba, na had-dis ya haura 3. Wani bincike da Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto ta yi tare da ma'aikatan Google a 2016, a kan bayanan shekara 6, shi ma ya nuna ba a canza SSD da yawa kamar had-dis. Amma ya zo da wani abu da ya tsaya mini a rai: SSD ya fi yawan ɓata wani ɗan yanki na bayanai ta yadda ba ya gyaruwa, sama da kashi 20 cikin 100 sun yi haka a cikin shekara 4. Kuma sun ga cewa shekarun rumbu sun fi yawan aikin da ya yi nuna lokacin da zai fara ba da matsala.

Duk waɗannan alƙaluma daga ɗakuna masu sanyi suka fito, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma babu wanda ke ɗaukar rumbu ya hau adaidaita da shi. A hannun mai yawo irina tazarar ta fi haka faɗi, kuma SSD ne ke gaba. Na taɓa ganin na waje ya faɗo daga saman tebur a wurin dina, aka ɗauka aka jona ya ci gaba da aiki. Had-dis da ke juyawa ba kasafai yake tsira daga irin wannan ba.

Kuma kada labarina na farko ya sa wani ya ɗauka kowane had-dis sai ya yi tari kafin ya tafi. Ni na yi sa'a ne. A 2007 Google ya fitar da bincike a kan had-dis sama da 100,000, ya gano cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba a cikin ma'aunin lafiyar da ke jikinsu, wanda ake kira SMART. Sai dai wanda ya fara nuna alama, to a gaskata shi: a binciken, rumbun da aka ga kuskuren farko a fuskar faifansa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60.

Inda na fi so abokan sana'ata su saurare ni shi ne batun durowa. Da yawa a cikinmu idan an gama aiki sai a juye shi a rumbu, a rubuta sunan biki a jiki, a jefa a durowa, sai bayan shekaru idan wani ya zo neman hoton mahaifinsa da ya rasu a ɗauko. Tun lokacin da SSD na waje ya yi araha, na ga an fara yin haka da shi. Ku tuna randa. Cajin da ke ciki yana tsatstsafowa a hankali ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Idan rumbun na jone, akawun yana iya zagayawa ya sabunta wuraren da suka yi rauni. A durowa babu mai yin haka. Ƙa'idar da ƙungiyar JEDEC ta gindaya wa masana'antu ita ce SSD na gida da ya cinye adadin rubutunsa ya iya riƙe bayanai shekara 1 ba wuta, a zafin digiri 30. Sabo wanda bai sha aiki ba yana wuce haka sosai, don haka ba cewa nake yi hotunanka za su ɓace bana ba. Amma digiri 30 aka ce. Shagona rufin kwano ne, kuma a watan Afrilu zafin Kano a waje ma yana kai 40. Wanda ya tsufa da aiki, ga shi QLC mai araha, aka kulle shi a irin wannan ɗakin shekara da shekaru, ni ba zan ɗora masa amanar kowa ba.

Had-dis da maganaɗisu yake rubutu, kuma wannan rubutun yana daɗewa ba wuta. Nasa ciwon na zama daban ne: man da ke cikin injin yakan daskare, kan yakan manne, ka jona ka ji shiru ko ƙis. A 2024 kamfanin adana kaya na Iron Mountain ya ce a cikin had-dis na shekarun 1990 da masana'antar waƙa ta ajiye, kusan ɗaya cikin biyar ba ya karantuwa. Amma wannan bayan shekara 25 ne ko fiye. Ga ajiyar shekara 5, a farashin da tera ɗaya na faifai ya fi na SSD sauƙi sosai, har yanzu had-dis nake zaɓa.

Sai kasuwa. Yawancinmu na hannu muke saya, kuma rumbun da ke cikin laftof na hannu ya riga ya yi wata rayuwar a wani ofis kafin ya iso nan. Akwai wata 'yar manhaja kyauta, CrystalDiskInfo, da nake yawo da ita a filashi. Kafin in biya kuɗi nakan ce wa mai shago, "Alhaji, a ba ni minti biyu." Tana nuna awa nawa rumbun ya yi a kunne, tera nawa aka rubuta a kansa, da ko ya fara ware wuraren da suka lalace. Idan ta nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, sai a canza mini rumbu ko a rage kuɗi. Masu shagon kirki ba sa jin haushi, wasu ma sun karɓi manhajar a wurina. Na jabu kuma sun cika gari. Ɗaya daga cikin yarana ya zo da murna ya sayo SSD na waje wai mai tera 2 a kuɗin da ko giga 256 na gaske ba zai saya ba. Kwamfuta ta nuna tera 2 ɗin kuwa. Muka sa masa manhajar H2testw, wadda ke cika rumbu da rubutu sannan ta karanta ta gani, bai je ko'ina ba ya fara zubarwa. Da muka fasa kwanson, ɗan katin memori ne a ciki an manne shi da gam, da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Irin wannan yana karɓar hotunanka ba musu, sunayensu na nan a jere, sai ranar da ka buɗe ka tarar babu komai.

Yanzu ga yadda nake aiki. SSD ne a cikin kwamfuta, a kansa nake tace hoto da haɗa bidiyo, kuma ba zan koma faifai don wannan ba. Ba na bari ya cika maƙil, saboda akawun na bukatar fili don juya kaya. UPS kuwa ko ba a biya ni ba sai na canza masa batir. Duk daren da na dawo daga biki, kafin in cire takalmi, hotuna sai sun shiga wuri biyu, SSD da had-dis na waje wanda ba ya barin kan shiryayye. Katin kyamara ba na goge shi sai albam ya isa hannun masu shi. Wannan ya sa na sayi katuna da yawa, kuma kuɗinsu duka bai kai nauyin zaman da na yi a bakin kafet ɗin nan ba. Hotunan da aka zaɓa, waɗanda ba su da nauyi sosai, ina ɗora su a intanet idan data ta samu. Had-dis da ya kai shekara 5 ina sauke shi daga aiki ko lafiyarsa ƙalau, kuma ba na sayen biyu iri ɗaya a rana ɗaya.

Akwai kuma had-dis na uku, wanda ba ya kwana a shago. Duk Juma'ar ƙarshen wata nakan ɗauko shi, in juye masa aikin watan, in buɗe tsofaffin folda biyu ko uku in tabbatar hotunan na buɗewa, sannan bayan sallar Juma'a in mayar da shi gidanmu a cikin gari. Ɗakin mahaifiyata ginin ƙasa ne, ko a tsakiyar bazara da sanyinsa. Ta ware masa wuri a ƙasan akwatin zannuwanta, ta naɗe shi da wani tsohon ɗankwali. Ban taɓa yi mata bayanin faifai ko randa ba, na dai ce mata hotunan bikin 'ya'yan mutane ne a ciki. Tun daga ranar ba ta bari jikoki su hau kan akwatin. Idan na yi sallama ta ga jaka a hannuna, kafin ma mu gama gaisawa takan ce, "Ka dawo da ajiyar mutanen?" In ce, "Na dawo da ita, Inna." Sai ta miƙo hannu biyu ta karɓa.